Hannun da Ya Saba da Fulawa

Doña Armida na sauke tortiyar, gurasar nan tamu mai faɗi, daga kasko ta miƙo min ita kai tsaye, da zafinta da tururinta, ko kwando ba ta bari ta taɓa ba.

"Ungo, 'yata. Wannan taki ce."

'Yan'uwan saurayina Leonel da ke kewaye da tebur suka daina tauna, suka zubo min ido.

Hannayena suna ƙarƙashin tebur, inda nake ɓoye su kullum. Ƙamshin ya doki hancina har yawuna ya tsinke. A duk garinmu Hermosillo babu wanda bai san tortiyar Doña Armida ba. A kan damtsenta take miƙe kwaɓin alkamar har ya kai daga yatsa zuwa kafaɗa, ya yi siriri kana hango mutum ta cikinsa. Layi ake yi a ƙofar gidanta. Yau ga uwar saurayina tana ba ni ta farko da hannunta, a gaban kowa.

"Na gode, Mama... ba zan iya ci ba."

"Yau ma?"

"Likita ce ta ce..."

"Na ji labarin likita."

Kafin in sake buɗe baki Briseida ta miƙo hannu ta bayan kafaɗata ta karɓe. 'Yar maƙwabta ce, ita ke taya Doña Armida kwaɓi tun tana 'yar makaranta, kuma kowa a unguwar ya san ba don albashi take sammakon zuwa gidan su Leonel ba.

"Kawo, Doña," ta ce tana yagar gefen. "Ni cikina na gida ne, bai yi boko ba."

Aka yi dariya. Leonel ya fara bayani, yana cewa ko ɗan kaɗan ne yana iya tayar min da ciwo, uwar ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ba ni ta kalla ba, kaskon ta kalla.

"Yarinyar da ba ta cin abincin gidana, ban san abin da zan je in ce wa uwarta ba."

Mahaifin Leonel ya rasu, ita ce za ta rako shi gidanmu neman aurena, kuma na san Mamata. Ba za ta taɓa ba saurayi kujera ba in ya zo shi kaɗai.

A mota Leonel ya yi ta bugun sitiyari da tafin hannu.

"Zule, rabin raina, ki nuna mata hannunki kawai. In ta gani za ta gane."

"Ta gane me? Cewa ɗanta zai kwaso matar da ba ta iya buɗe kwalba?"

"Ni zan riƙa buɗewa."

"Ka kai ni gida, Leonel."

Da kwalba kuwa ciwon ya fara. Wata safiya na kasa murɗe murfi, na ɗauka kwanciya na yi a kan hannun. Daga nan gaɓoɓin yatsuna suka riƙa kumbura, da safe su sandare, sai rana ta ɗaga su saki. Ni da nake koyarwa a firamare, riƙe alli ya zama sai da dabara. Zoben da Leonel ya saya min ma a gaɓa ta biyu ya tsaya ya ƙi wucewa, dole na zura shi a sarƙa na rataya a wuya, cikin riga.

Likita ta ba ni magani, sannan ta ce sai mun kamo abincin da ke hura wutar. Za a cire duk abin da ake zargi na wani lokaci, in jiki ya lafa a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ban da alkama, ban da masara, ban da wake, ban da barkono da tumatir, ban da madara da ƙwai. Na tambaye ta to me ya rage, iska? Ba ta yi dariya ba. Ta ce alkama ce babbar wadda take zargi, saboda danƙon nan da ke sa kwaɓi ya miƙe bai tsinke ba. Ta kuma ja min kunne cewa ko ƙanƙani ya shiga bakina aikin ya rushe, sai an koma farko.

Nama da kabewa da dankalin Hausa ba su gagare ni ba. Abin da ya gagare ni shi ne in zauna gaban abinci babu tortiya. Da me zan ɗiba? Da me zan suɗe kwano? Sai in ci in tashi ina jin kamar ban ci ba.

Da na ji ana yi da garin rogo, har can ƙarshen gari na je na sayo. Wayyo, garin rogo! Ka ja shi ya tsinke, ka murza ya manne, ka lallaɓa ka ɗora a kasko ya tsattsage. Kullum da yamma ina kicin ina fama, yatsuna na zugi, gumi na zuba, abin da ke fitowa kuma ko karenmu sai ya shinshina ya koma inuwa. Ran nan Leonel ya iske ni zaune a ƙasa, kwanon a cinyata, ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Ya share min fuska da gefen rigar aikinsa mai warin man inji, ya ɗebi rabin garin a leda ya fita.

Washegari kafin ya wuce aikinsa na gyaran na'urorin sanyi sai ga shi da ƙunshi a tsumma mai ɗumi.

Na buɗe. Tortiya ce sosai, mai laushi, mai ɗigon ƙuna nan da can. Na naɗe ɗaya ba ta karye ba.

"Wa ya yi?"

"Ni mana."

"Kai? Kai da ko shayi sai ka ƙona?"

"Ɗan wace ce ni?"

"Leonel, dube ni. Babu alkama?"

"Rogo, kitsen sa, gishiri, ruwan zafi. Na rantse da kabarin babana, zuciyata, ba a zuba komai ba."

A tsaye na cinye uku, hawaye na bin kumatuna, shi kuma yana ta yi min dariya yana cewa in bar wa gobe. Ban taɓa sonsa kamar safiyar nan ba.

Kullum sai ya kawo. A lokacin kumburin ya riga ya fara sauka, har na gwada zoben a ɓoye ya kusa wucewa. Na fara tsara yadda zan je gidansu da hannayena a kan tebur.

Sai jikin ya juya.

Da farko na ce zafin gari ne. Na ce gajiya ce. Na ce rubutun allo ne ya yi yawa. Amma kowace safiya ta fi ta jiya, har ranar da Mamata ce ta ɓalla min maɓallan riga kamar 'yar yaye. Na bi duk abin da na ci na tuhume shi, gishiri ma sai da na karanta jikin ledarsa. Tortiyar Leonel kaɗai ce ban tuhuma ba, don ya rantse.

Ranar Lahadi muna fitowa daga coci Briseida ta tare ni a bakin matakala. Ta kama hannuna wai gaisuwa, ta matse har sai da na ga wuta.

"Zule, kin yi kyau. Ashe fulawa na karɓar ki."

"Ba na cin fulawa."

"Haba dai." Ta matso da bakinta kusa da kunnena. "Tortiyar da ake kawo miki duk safiya fa? A gabana ake yi. Fulawa kuwa cike da hannu ake sawa. An so ne a gani ko ciwon na gaske ne ko iyayi ne. To ga ki tsaye, ba ki mutu ba."

Ta sake ni ta wuce tana gyara gashi.

Ban san yadda na kai gida ba. Na zauna na tashi, na shiga ɗaki na fito. Gwada ni suka yi? Ina cusa wa cikina abin da ke karya ni ina godiya, su kuma suna can suna kallo? Da Leonel ya zo da safe da ƙunshinsa, a bakin ƙofa na tare shi, na ɗaga masa hannayena biyu a saitin fuska.

"Kalli aikinka."

Fuskarsa ta sauya. Na maimaita masa abin da Briseida ta ce, kalma bayan kalma. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce ƙarya take yi, ya ce ya gwammace hannunsa ya shanye da ya cutar da ni.

"To shigo," na ce. "Ga kicin, ga sauran garin rogo. Yi guda ɗaya a gabana."

Ya tsaya.

"Shigo mana, ɗan mai tortiya."

"Zule... ba zan iya ba."

"Me ya sa?"

"Na yi alkawari. Ki yarda da ni kawai, don Allah..."

Na kai hannu bayan wuyana in kwance sarƙar, yatsun suka ƙi kama maɗaurin. Dole na fizgo ta ta kaina, ta sarƙe da gashina, na ja har wasu suka tsinke. Na dangwara masa zoben a kan ƙunshin tortiyarsa na rufe ƙofa. Na daɗe ina jin numfashinsa a bayan ƙyauren kafin motarsa ta tashi.

Mamata ba ta yi mamaki ba. Dama tun farko ba ta so. Ta ce gidan da iskarsa ma fulawa ce ba gidan zamana ba ne, gara da Allah ya nuna min tun ban shiga ba.

Na koma farko, kamar yadda likita ta ce. Nama, kabewa, dankali. Kwanakin nan ban san zama ba. In kashe waya in kunna, in ga kiransa in kife ta. In fita tsakar gida in dawo. Hannuna kullum yana zuwa wuyana neman sarƙar da babu. Ina jin haushinsa kamar in mutu, kuma duk motar da ta tsaya a layinmu sai na leƙa.

Ranar Asabar da hantsi aka buga ƙofa, bugun wanda bai zo wasa ba.

Doña Armida ce. Asabar, ranar da layinta ke kaiwa bakin titi, ranar da ko zazzaɓi bai taɓa sa ta rufe ba. Tana sanye da rigar aikinta, gari fari fat a gabanta. Leonel na bayanta, ya rame, gemu ya fito masa.

"Ofelia," ta ce wa Mama ko gaisuwa babu, "an ce wai gidana ya ba 'yarki guba."

Mama ta riƙe ƙugu ta ce ba wai ba ne, ɗanta ne ya yi, kuma shaidar tana jikin 'yarta.

"Wannan?" Doña Armida ta nuna Leonel da haɓa. "Wannan ko ruwa bai iya tafasawa. Ni na yi su. Na iske shi a kicin ɗina yana kokawa da wani farin gari yana sharar hawaye, na ture shi gefe. Ni na sa ya rantse ba zai faɗa ba."

Na dube shi. Ya sunkuyar da kai.

"Don me?" Mama ta tambaya.

"Don kada a ji a gari Armida na yin tortiya da rogo." Ta ɗaga haɓa. "Amma fulawa ko cokali ban zuba a kwaɓin nan ba. Ban taɓa ƙarya a kan abinci ba. Ina garin? A ba ni hanya."

Ta ratsa mu ta shige kicin kamar nata. Muka bi ta muka tsaya. Ta zuba garin rogo a kwano, ta murtsuke shi da kitse, ta barbaɗa gishiri, ta tsiyaya ruwan zafi, tana yi tana faɗin sunan kowanne da ƙarfi don Mama ta ji. Kwaɓin ya haɗu a hannunta nan da nan. Ta gutsura, ta mulmula, ta ajiye a tebur, ta ɗauki sandar murzawa.

Idonta na kan Mamata, tana cewa a nuna mata inda fulawar take. Sai hannunta na dama ya miƙe gefe shi kaɗai, yatsu a tattare, ya ɗebo iska ya watsa a kan tebur. Ya koma ya sake ɗibowa. A karo na biyun ne ta ji babu komai, ta waiga tana lalube.

"Me kike nema, Mama?" na tambaya a hankali.

"Kwanon barbaɗe mana, abin nan mannewa yake..."

Ta tsaya.

Hannun yana nan a sama, ta bi shi da kallo kamar na wani.

"Mama," Leonel ya ce, "da me kike barbaɗawa?"

"Ai wannan ba zubawa ba ce. Barbaɗe ne... kowa na yi... tebur ne kawai, da sandar, da hannuna..." Maganar ta riƙa ƙanƙancewa. "Rogon nan ya cika mannewa. Sai na cika hannu yake sakin tebur."

A gidanmu babu ƙwayar fulawa tun ranar da na dawo daga wurin likita, shi ya sa hannun bai samu komai ba. A gidanta kuwa kwanon fulawar barbaɗe yana nan a damanta tun kafin a haifi Leonel.

"Briseida ke cika min kwanon duk safiya," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Tana tsaye a gefena. Ta ji lokacin da yaron nan ya ce ko kaɗan ne..." Ta ja numfashi. "Ta gama aiki a gidana."

Sannan ta juyo gare ni. Ina tsaye da hannayena a bayana, yadda na saba a gabanta.

"Nuna min."

"Mama, ba komai..."

"Zulema. Nuna min."

Na fito da su. Gaɓoɓin sun yi suntum, sun yi ja, yatsun sun ɗan karkace. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙo hannu za ta taɓa, sai ta ga garin da ke jikin rigarta da damtsenta, ta janye da sauri.

"Haka kike zama a teburina?"

Na gyaɗa kai.

"Ni kuma ina cewa raini ne."

Ta cire rigar aikin ta miƙa wa Leonel ta ce ya kai mota. Ta zubar da kwaɓin. Ta tsaya a bakin famfo ta wanke hannu har kafaɗa, ta sake wankewa, ta bi ƙarƙashin farcenta da tsinke, hawaye na ɗiga cikin kumfar ba ta share ba. Mama da ta zo da faɗa a bakinta sai ga ta tana miƙa mata tawul.

Ta sake sabon kwaɓi. Da ta zo murzawa ta rungume hannun dama a ƙirji ta tambaye ni yadda ake yi in babu barbaɗe. Ni, ita take tambaya. Na ce a tsakanin leda biyu ake sawa a danna da gindin tukunya. Ta yi tsaki, amma ta yi.

Abin da ya sauka daga kaskon nan bai fi tafin hannu ba. Gefensa duk ya tsattsage, tsakiyarsa ta yi kauri. Leonel ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Ka yi dariya in fasa maka kai," ta ce ba ta waiga ba. "Tun da nake ban taɓa yin mummuna irin wannan ba."

Ta ɗauke ta da zafinta ta miƙo min.

"Ungo, 'yata."

Na sa hannu biyu na karɓa, a gaban kowa. Ta yi tauri, kuma gishiri ya ɗan yi yawa. Na cinye tas.

Doña Armida ta gyara tsayuwa, ta shafa gashinta, ta dubi Mama ta ce ba haka ta so ta zo ba, babu fure, babu kwalliya, ɗanta kuma kamar wanda ya kwana a kasuwa. Amma tunda ga ta ga Ofelia, ta zo neman auren Zulema wa Leonel.

Mama ba ta sauka da wuri ba. Ta kawo maganar gidan fulawa. Doña Armida ta ce ba a gidanta za mu zauna ba, kuma ranar da za mu zo cin abinci akwai tebur daban da kasko daban da babu wanda zai taɓa sai ita, bayan ta yi wanka. Sai Mama ta dube ni.

Leonel ya matso. Ya zaro sarƙar daga aljihun ƙirjinsa, har yanzu da silin gashina a jiki.

"Zule... zuciyata. Na kasa ci, na kasa barci."

"Da ka faɗa min."

"Da ta kashe ni."

Na yi dariya cikin kuka. Amma da na ga zoben yana lilo sai tsoron nan ya dawo, wanda na daɗe ina ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. Na ce su tsaya, gara kowa ya ji yanzu. Likita ba ta yi min alkawarin warkewa ba. Wataƙila kumburin ya sauka, wataƙila ya riƙa dawowa har tsufana.

"Zoben nan ba lallai ya taɓa shiga yatsana ba, Mama."

Doña Armida ta dube ni sama da ƙasa. Ta zura hannu cikin wuyan rigarta ta jawo wani tsohon zare da ya yi baƙi don daɗewa. A ƙarshensa zobe ne siriri, ya sha jiki har ya goge.

"Zobe yaga kwaɓi yake yi," ta ce. "Washegarin bikina na cire nawa, bai sake komawa yatsa ba. Har uban yaron nan ya koma ga Allah bai taɓa tambayar matar wa ce ni ba."

Ta mayar da shi cikin riga, ta zunguri ɗanta da gwiwar hannu.

"Tsayuwar me kake yi? Rataya mata."